Yadda ƙungiyar matasa za ta tsaya wa marayu da tsofaffi har bayan azumi

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Mu matasa ne, maza da mata, kusan mu ashirin a wata unguwa cikin birnin Kano. A azumin bara mun yi karo-karo ta WhatsApp, muka raba shinkafa da taliya da man girki ga iyayen marayu da tsofaffi, mutane suka yi ta sa mana albarka. Amma da aka yi Sallah sai komai ya tsaya. Kuɗi sun daina shigowa, wasu sun fara zargin ma'aji, gidajen da ba mu ba su ba kuma suna jin haushinmu. Yaya za mu yi wannan aiki ya ɗore? Kuma shin dole ne sai mun yi rajista da gwamnati kafin mu ci gaba?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanena, Allah Ya saka muku da alheri, Ya karɓi abin da kuka yi. Idan na fahimce ka daidai, abubuwa uku ne suke damun ku: aikin ya mutu da wucewar azumi, zargi ya shiga tsakaninku a kan kuɗi, kuma gidajen da rabo bai kai gare su ba sun ƙullace ku. Sai tambaya ta huɗu a kan rajista, wadda ita ce mafi sauƙin amsawa, shi ya sa zan bar ta sai can gaba. Na daɗe ina aikin jin daɗin jama'a tare da ƙungiyoyin unguwa, kuma a ganina waɗannan matsaloli uku tushensu ɗaya ne. Kun fara da tara kuɗi da rabon kaya kafin ku san gidajen da za ku tsaya wa, alhali kuɗi su ne abin da matashi ya fi kowa rashi, rabo kuma shi ne aikin da ya fi kowane jawo rigima.

Yana da kyau ku san cewa abin da kuka ɗauko yana da asali a wurinmu. Tun kafin a san kalmar ƙungiya mai zaman kanta, sarkin samari yakan tara matasan gari su yi gayya a gonar wanda ciwo ya kwantar, su yi wa tsohuwa yaɓen ɗaki kafin ruwa ya sauka. A Nijar, bayan da Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, gwamnati ta farfaɗo da samariya ta mayar da ita tsari na ƙasa baki ɗaya, matasa suka riƙa gina azuzuwa da tsaftace gari. A Nijeriya kuma akwai 'yan agaji na Jama'atu Nasril Islam, wadda aka kafa a 1962, da na Fityanul Islam, da na Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978 kuma take da kwamitocin marayu, ga ƙungiyar Red Cross, ga zumuntar mata a majami'u. Idan ka duba gayya da kyau za ka ga ƙarfin jiki da lokaci ake bayarwa a cikinta, mai gona kuwa sananne ne, kowa ya san dalilin da ya sa aka je masa. Babu wanda yake zargin wani da cin kuɗin gayya, domin babu kuɗin da aka tara.

Abin da ya sauya shi ne yanayin rayuwa. Babban gida na gandu, inda tsoho yake zaune cikin 'ya'ya da jikoki, yana raguwa a birni, inda kowa yake haya da iyalinsa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 farashin abinci da na mota suka yi tashin gwauron zabi, ɗan'uwan da a da yake aika wa matar marigayi yayansa kwanon masara duk mako yanzu shi ma ta kansa yake yi. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne, kuma yawancin mutanen unguwa ba ma albashin suke ɗauka ba. Saboda haka buƙatar tana nan wata goma sha biyu, amma hannun masu bayarwa ya fi buɗewa a wata ɗaya. A azumi attajirai suna fitar da zakka, ana ciyarwa a masallatai, ana ɗinkin Sallah ga marayu, har wani gidan yakan sami shinkafa daga wuri uku. Lokacin da ya fi tsanani kuwa shi ne tsakiyar damina, daga Yuni zuwa Agusta, sa'ad da hatsin bara ya ƙare, sabo bai shigo ba, zazzaɓin cizon sauro ya kama yara, ɗakunan ƙasa kuma suna zuba. Ƙungiyar da take aiki a azumi kaɗai kamar kududdufi take, ta cika lokacin da ruwa ya wadata ko'ina, ta ƙafe lokacin da ake nemansa.

Zaɓen gidaje

Shawarata ta farko ita ce ku rage yawan gidajen, ku tsawaita zama da su. Mutum ashirin da ba su da albashi mai ƙarfi za su iya riƙe gida goma ko goma sha biyu shekara guda cur, amma ba za su iya riƙe gida ɗari ba ko da na wata biyu ne. Ku raba kanku biyu-biyu, kowane biyu su ɗauki gida ɗaya ya zama nasu, su san sunan kowane yaro a cikinsa, da ajin da yake, da maganin da tsohuwar gidan take sha.

Yadda za a zaɓi gidajen shi ne inda ya kamata ku fi ɓata lokaci, domin a nan ne ƙullacin da ka ambata yake samo asali. Idan kuka sanar cewa za a yi rabo, waɗanda za su fara zuwa su ne masu baki da masu ƙafa, waɗanda suka saba da bin layi. Mabuƙaci na ainihi sau da yawa yana cikin ɗaki. Alƙur'ani ya siffanta irin waɗannan a aya ta 273 ta Suratul Baƙara, cewa wanda bai san halinsu ba yana zaton mawadata ne saboda kamewarsu. A unguwa akwai mutanen da suka san su. Mai unguwa da liman dole ne ku fara da su, don girmamawa da kuma samun izini, amma kada ku tsaya a kansu kaɗai, domin su ma suna da dangi da maƙwabta da suke jin nauyinsu. Ku tambayi mai awo da mai shagon bakin layi, su ne suka san wanda ya koma sayen rabin kwano, da wanda bashinsa ya daɗe a littafi har ya daina biyowa ta gaban shagon don kunya. Ku tambayi malamar Islamiyya, ita ta san yaron da ya daina zuwa saboda kuɗin wata. Ku tambayi ungozoma, da mai kemis, da 'yan garuwa, waɗanda suke shiga gidaje kullum suna ganin randar da ta bushe. Sunan da ya fito daga baki biyu ko uku waɗanda ba su haɗa baki ba, shi ne za ku fara dubawa.

Idan an je dubawar kuma, a je da sunan gaisuwa, mata su shiga wurin mata, kada a shiga da takarda da biro a hannu ana yi wa mutum tambayoyi kamar a ofishin 'yan sanda. Dattijuwar da za ka tambaya ko tana da abinci za ta ce maka alhamdu lillahi, kuma da gaske take faɗa. Amma mai lura zai ga murhun da tokarsa ta yi sanyi da azahar, babu alamar an hura wuta tun jiya, zai ga tukwane a kife a wanke, zai ga yara sun fita maƙwabta daidai lokacin cin abinci. Zai ga kwalin maganin hawan jini da babu komai a ciki an ajiye shi a kan taga don a tuna sunansa ranar da aka sami kuɗi. Waɗannan su ne amsar tambayar, sai a fito waje a rubuta.

Kafin ku fita ma, ku zauna ku rubuta ƙa'idar zaɓe a takarda guda, ku karanta wa mai unguwa da liman. Misali, za a fifita gidan marayu da babu mai ɗaukar nauyinsu, da tsohon da yake zaune shi kaɗai, da gidan da mai nema ya kwanta ciwo. Ku ƙara da sharaɗin cewa duk ɗan ƙungiyar da yake da dangantaka da wani gida zai faɗa, kuma ba zai sa baki a hukuncin wannan gidan ba. Wannan ba zai hana ƙorafi ba, babu abin da yake hana shi, amma idan wata ta tare ku ta ce me ya sa aka ba wance aka hana ni, kuna da amsar da ba ta dogara da son ran kowa ba, kuma kuna iya ce mata an rubuta sunanta a layin jira.

Abin da matashi yake da shi

Da zarar kun san gidajen, za ku tarar cewa rabin abin da suke buƙata ba ya cin kuɗi mai yawa. Ɗauki tsofaffi. Dattijo mai hawan jini ko ciwon suga yakan daina shan magani da zarar ya ji sauƙi, ko ya rasa wanda zai raka shi asibiti ya bi masa layin kati, ko ya kasa karanta abin da likita ya rubuta. Idan a cikinku akwai ɗalibin aikin jinya ko na kiwon lafiya, na'urar awon jini guda ɗaya za ta ishi gidajen duka, a riƙa aunawa ana rubutawa a ɗan littafi da za a tafi da shi ranar ganin likita. Sai dai ku tsaya a nan: aunawa da rakiya da tunatarwa naku ne, rubuta magani ko sauya shi na likita ne. Haka nan tsohon ma'aikaci da ake kira tantancewar 'yan fansho yana buƙatar wanda zai tattara masa takardu ya kai shi ya dawo da shi. Kafin damina a hau rufi a toshe kwanon da yake yoyo, a gyara indararo, a yashe kwatar ƙofar gida. Akwai kuma abin da matasa suke rainawa, wato zama a yi hira. Tsohon da abokansa suka rasu, idonsa ya yi rauni, yana iya wuni bai yi magana da kowa ba sai mai miƙo masa kwano. Sa'a guda da yamma ana sauraron labarin zamanin da yake fatauci ko aikin reluwe tana gyara masa rai ƙwarai, kuma a cikin irin wannan hirar ne yakan faɗi ainihin abin da yake damun sa.

Wani babban aiki da ya dace da masu karatu da waya a hannu shi ne haɗa mabuƙata da haƙƙin da suke da shi amma ba su sani ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda aka tanada domin masu rauni irin su yara 'yan ƙasa da shekara 5 da masu juna biyu da tsofaffi, kuma a Kano hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar, wato KSCHMA, ita ce take rajistar masu cin gajiyar irin wannan tsari. Gurabe ba su da yawa kuma ba kullum ake buɗewa ba, amma wanda ba shi da lambar NIN ba ya ma shiga lissafi. Don haka kai tsohuwa ta yi katin ɗan ƙasa, da karɓo wa maraya takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, aiki ne da amfaninsa yake daɗewa fiye da buhun shinkafa. Haka kuma Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2003, da kwamitocin marayu na masallatai, sun fi saurin sauraron wanda ya zo musu da jerin gidaje da aka bincika, da sa hannun mai unguwa.

A ɓangaren yara, abu biyu nake so ku sa wa ido. Na farko makaranta. Ko a makarantar gwamnati da ba a biyan kuɗi, kayan makaranta da takalmi da littafin rubutu da kuɗin tara suna iya zaunar da maraya a gida, ko su tura yarinya talla. Wanda ya ɗauki gida ya riƙa leƙawa makarantar yana tambayar malamin aji, kuma ku ware yamma biyu a mako ku zaunar da yaran a zaure ko a harabar masallaci ku yi musu bitar karatu da lissafi. Na biyu tamowa. Akwai ɗan tef mai launi uku da ake auna damtsen yaro daga wata 6 zuwa shekara 5, wanda ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi za su iya koya muku amfani da shi cikin ɗan lokaci. Idan awon ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko kuma ƙafafun yaron biyu sun kumbura, wannan ya wuce maganar kunu da madara, a kai shi cibiyar kula da tamowa a ranar, ba gobe ba.

Iyayen marayu kuwa, lokacin da suka fi buƙatar mutane shi ne bayan an watse daga zaman makoki. Mace tana takaba wata 4 da kwana 10, fitarta taƙaitacciya ce, sana'arta ta tsaya, masu kawo kwano a makon farko sun koma harkokinsu. 'Yan matan ƙungiyarku su ne za su riƙe wannan gibi, su yi mata cefane, su kai yaro asibiti. Idan kuka ga ana neman danne gadon marayu, kada ku shiga rigimar dangi da kanku, ku kai maganar ga liman ko dagaci, in ta faskara a nufi kotun shari'a ko ofishin ba da agajin lauyoyi kyauta. Game da ba da jari kuma ina da ra'ayin da ba kowa yake so ba. Keken ɗinki ko injin markaɗe yana da kyau a hoto, amma idan aka ba matar da ba ta taɓa sana'ar ba, ko aka ba ta alhali babu abinci a gida, za a sayar da shi ko a cinye jarin, kuma ba laifinta ba ne, yunwa ce ta riga ciniki zuwa. Abin da na ga yana aiki shi ne a ƙara wa mace ƙarfi a sana'ar da take yi tun da, mai ƙosai a saya mata wake da mai, mai awara a saya mata waken suya, a haɗa da ɗan hatsin da zai kare jarin na wata ɗaya ko biyu.

Amanar kuɗi

Ban san ma'ajinku ba, kuma mai yiwuwa ne ko sisi bai ci ba. Amma idan kuɗin jama'a suna shiga asusun mutum ɗaya, suna cakuɗa da nasa, shi kaɗai yake ganin alat, to ko waliyyi ne sai an zarge shi. Abin da zan ce ku yi game da rikicin da ke ƙasa shi ne ya ciro bayanin asusunsa na watannin da aka yi karo-karon, a zauna gaban wani dattijo da kowa ya yarda da shi, a bi shiga da fita layi-layi, a rufe maganar a ranar. Daga nan ku raba aikin gida uku: mai karɓa daban, mai rubutawa daban, mai sayowa daban, kuma kada a fitar da kuɗi sai da amincewar mutum biyu. Duk sayayya a karɓi rasit, in a kasuwa ne inda ba a bayarwa, mutum biyu su je su sa hannu a littafi. A ƙarshen kowane wata a tura hoton shafin littafin a zauren WhatsApp, ko da abin da ya shigo bai taka kara ya karya ba. Mutane suna daina bayarwa ne idan suka daina jin inda abinsu ya tafi.

Ku nemi ƙaramin abu mai zuwa kullum a maimakon babba mai zuwa sau ɗaya. Ɗan kasuwar da ya yarda zai riƙa ba da kwano biyu na masara duk wata, da mai kemis da ya yarda zai sayar muku da maganin tsofaffi a kan farashin sari, da tela da zai ɗinka kayan makaranta kyauta idan kun kawo yadi, sun fi muku amfani a kan baƙon da zai turo kuɗi mai kauri sau ɗaya ya ɓace. Idan kuma kun sami kuɗi a dunƙule, ku tuna cewa hatsi ya fi araha da kaka. A sayi gero da masara da wake a Dawanau ko a kasuwar ƙauye a lokacin, a zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda yake kashe ƙwari ba tare da an sa magani ba matuƙar an ɗaure shi da kyau, a ɗora a kan katako a ɗaki marar laima, a jira damina. Farashi yakan saɓa wa wannan lissafi a wasu shekarun, amma ko ba a ci ribar farashi ba, an sami abinci a hannu a watan da ake nemansa.

Idan wani ya ba ku zakka, ku ware ta daga sauran kuɗi, domin aya ta 60 ta Suratut Tauba ta iyakance masu cin ta kashi takwas. Ba a buga riguna masu tambarin ƙungiya da ita, ba a sayen lemon taro. Duk abin da ya shige muku duhu a nan, malaman fiƙihu za ku tambaya, ba ni ba.

Rufin asiri da kiyaye rai

Ina roƙon ku da ku bar tara mutane a fili don rabo. A watan Disamba na 2024, cikin mako guda, yara 35 suka rasu a turmutsutsi a wani taro a Ibadan, mutum 22 a wurin rabon shinkafa a Okija ta Jihar Anambra, wasu 10 a wani coci a Abuja, kuma tun a watan Maris na 2024 ɗin an rasa rayuka a wurin rabon zakka a Bauchi. Masu shirya waɗannan taruka alheri suka nufa. A halin da ake ciki, labarin rabo yana yaɗuwa fiye da kayan da aka tanada, kuma matasa ashirin ba za su iya tsare ƙofa ba idan dubu suka taso. Ku kai wa kowane gida nasa har ɗaki, bayan magariba, a buhun da babu rubutu a jikinsa.

Maganar hoto ita ma sai an yi ta. Na san masu bayarwa suna son shaida, kuma Facebook da TikTok sun sa kowa yana ganin in ba a ɗauka ba kamar ba a yi ba. Amma yaron da aka ɗauka yana riƙe da ledar taliya zai je makaranta gobe, abokansa sun gani, kuma hoton zai daɗe bayan taliyar ta ƙare. Aya ta 264 ta Baƙara ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, kuma a ganina watsa fuskar mabuƙaci yana kusa da wannan. Ku ɗauki hoton kayan, da rasit, da rufin da aka gyara. Idan babban mai bayarwa ya nace sai ya gani da idonsa, a nemi izinin gidan a kai shi shi kaɗai.

Akwai kuma ƙa'idar da ba na sassautawa a kanta, ko da ran wani zai ɓaci: babu ɗan ƙungiyar da zai keɓe da yaro ko yarinya shi kaɗai, babu namijin da zai shiga gidan mace ba tare da abokiyar aiki mace ba, babu mai karɓar lambar wayar budurwar gidan da ake taimako don hira ta kansa. Mai bayarwa yana da iko a kan mai karɓa ko bai nufa ba, kuma irin wannan aiki yana jawo mutanen kirki, yana kuma jawo mai neman hanyar shiga gidaje. Idan kuka ga alamar ana cin zarafin yaro, Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 tana nan, Kano ma ta yi tata dokar kare yara a 2023, sai ku sanar da jami'in jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma ko ma'aikatar mata, kada ku ce za ku yi bincike da kanku. 'Yan siyasa kuma za su zo, musamman idan zaɓe ya matso. Wanda ya ba da hatsi babu sharaɗi a karɓa a yi godiya, wanda ya ce sai an manna hotonsa a buhu a ba shi haƙuri, domin ranar da aka ce ku yaran wane ne, rabin unguwa sun rufe muku ƙofa.

Batun rajista

Ba dole ba ne ku yi rajista kafin ku gaida tsoho ko ku koya wa maraya karatu. Matakin da ya dace da ku yanzu shi ne ku rubuta ɗan tsarin mulki na shafi biyu ko uku, ku sami takardar shaida daga mai unguwa ko dagaci, ku yi rajista a sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukumarku a matsayin ƙungiyar taimakon kai da kai. Rajista da hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa, wato CAC, tana zama wajibi ne idan kuna son asusun banki da sunan ƙungiya, ko mallakar fili, ko neman tallafi daga manyan ƙungiyoyi. Ana yin ta a ƙarƙashin Sashen F na dokar kamfanoni ta 2020, da amintattu aƙalla biyu, da sanarwa a jaridu biyu, da jiran kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi, sannan bankuna sukan nemi takardar SCUML, wato sashen hana halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC. Bayan haka akwai rahoton shekara-shekara da za a riƙa kaiwa, wanda rashin kai shi yake jawo tara. Duk wannan kuɗi ne da lokaci. Ni dai zan ce ku yi shekara guda kuna aiki da littafi mai tsabta tukuna, in kun ga har yanzu kuna tare, sai ku nemi lauya ya yi muku.

Ya kamata in faɗa maka iyakar wannan shawara. Daga unguwannin birni da manyan garuruwa na samo ta, inda asibiti da ofisoshi suke kusa. A ƙauyen da ke fama da 'yan bindiga, ko a sansanin 'yan gudun hijira, ko a bala'i irin ambaliyar Maiduguri ta Satumba 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau, lissafin daban ne, a can matasa sun fi amfani idan suka shiga ƙarƙashin hukumar agajin gaggawa ko Red Cross. Ko a unguwar taku ma za ku haɗu da abin da ya fi ƙarfinku, kamar mai ciwon ƙoda da ake wa wankin jini duk mako, ko mai taɓin hankali, ko iyalin da mai gida zai tasa saboda kuɗin haya. Kada ku zuba asusun gida goma a kan mutum ɗaya don tausayi ya kama ku. Ku rubuta masa takarda, ku raka shi sashen jin daɗin marasa lafiya na asibiti, ku kai kukansa ga masu hali da gidajen rediyo masu shirin neman taimako, ku ci gaba da ziyartarsa.

Abu na ƙarshe shi ne ku kanku. Matasa ba sa zama wuri ɗaya, wannan zai tafi bautar ƙasa, waccan za a yi mata aure ta koma wata unguwa, wani zai sami aiki a Abuja. Shi ya sa na ce a ɗauki gida biyu-biyu, kuma kowane gida ya kasance yana da shafinsa a littafi, domin wanda ya gaji aikin ya tarar da bayani. Ku riƙa jawo 'yan sakandare na manyan azuzuwa, da izinin iyayensu, suna bin ku wurin bitar karatu da gyaran rufi, ku kuma sauya shugabanni duk shekara ko shekara biyu don kada ƙungiyar ta zama ta mutum ɗaya. Kada ku ɗora wa kowa fiye da ziyara ɗaya a mako da taro ɗaya a wata, wanda jarrabawa ta taso masa a ɗage masa har ya gama. Idan shekara ta zagayo, ku zauna da mai unguwa ku bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya farfaɗo, misali ɗan gidan ya sami aiki ko sana'ar uwar ta kama, a sanar da su tun wata biyu kafin a janye hatsi, a ci gaba da gaisuwa, sannan a ɗauko na gaba a layin jira.